Mussata ta shige mangaza tun bikin ƙanwar maigida, yau kwana huɗu

Talata da dare

Maman Ikilima:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu kiwon mussa ku ba ni shawara, kuma kada a yi mini dariya. Ranar Asabar aka yi bikin ƙanwar maigidana a gidanmu nan unguwar Zariya, Maradi. Kun dai san biki: tun Alhamis gida ya cika da baƙi, na Tasawa da na Madarumfa, an kafa rumfa a ƙofar gida, mai kiɗa ya jera lasifikoki har bango na rawa. An fitar da kujerun falo, an wanke ko'ina, turaren wuta kuwa ba a magana. To mussarmu, Ƴar Baturiya muke ce mata don fara ce tas, tun daren Juma'a ta shige mangaza ta maƙale bayan buhunan hatsi. Lahadi baƙi suka watse, jiya muka mayar da kaya, amma ita shiru. Na haska ta da tocila, ta dunƙule wuri guda, kunnuwa a kwance, idanu sun yi manya baƙi wuluk. Na miƙa hannu ta yi mini huci, abin da ba ta taɓa yi ba shekara uku da take wurinmu. Mi ya kamata in yi?

Hajiya ta Bagalam:
Wa alaikumus salam. Ki duba cikinta tukuna ɗiyata. Mussa in haihuwa ta matso lungu take nema. Tawa a cikin akwatin zannuwana ta taɓa haihuwa, kan atamfar da ban ko ɗinka ba.

Maman Ikilima:
Hajiya ba ciki ba ne. Ranar Laraba na ɗauke ta da hannuna, cikin a shafe yake.

Ɗan Kabu-kabu:
Ikon Allah. Mutane na lissafin yadda za su sami tiyar hatsi, ku kuna taron gaggawa kan mussa. Hajiya ki bar ta, yunwa za ta yi miki aikin.

Tanti Mai Lalle:
Kai yaron nan, wanda bai da abin faɗi ai shiru ma magana ce. Maman Ikilima, ni abin da zan ce miki, taron biki ba kowane ido ne na alheri ba, kuma dabba tana ganin abin da mu ba mu gani. Ki yi hayaƙin habbatus sauda a mangazar, ki sa a yi tofi a ruwa a yayyafa.

Baba na Tibiri:
Ɗiyata, ki sa yara su janye buhu su kamo ta su hiddo ta waje. Dabba in kin biye mata sai ta hau kanki. Mu da munka tashi mussa aikinta kama kusu, babu mai lallashinta, kuma ba mu taɓa jin wadda tsoro ya kashe ba.

Uwar Biyu:
Ƙila zazzaɓi ne. Ki daka rabin farasitamol ki zuba mata a nono, haka nake yi wa kajina.

Likitan Dabbobi:
A'a! Maman Ikilima, don Allah kada ki ba ta farasitamol, ko rabi, ko kwata. Uwar Biyu ki yi haƙuri na katse ki. Hantar mussa ba ta iya narkar da wannan magani yadda tamu ke yi. Guntun ƙwaya ɗaya ya isa ya ɓata mata jini: dasashi ya koma kalar ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, ta mutu. Duk wanda ke karanta wannan ya riƙe shi, har da sauran magungunan ciwon jiki na mutane.

Yanzu ki amsa mini. Tana cin abinci, ko da kaɗan? Tana shan ruwa? Kin ga alamar fitsari ko kashi a wurin? An sa maganin kusu a mangazar ko an fesa fiya-fiya kafin baƙi su zo? Sannan wa ke ba ta abinci kullum a gidan?

Uwar Biyu:
Innalillahi. Wallahi ban sani ba Dokta, Allah Ya sa ba ta riga ta ba ta ba.

Maman Ikilima:
Ban ba ta komai ba, alhamdu lillahi. Dokta, ruwa dai yana raguwa a kwanon da na aje. Abinci, daren jiya na sa mata kan kifi, da safe na tarar an ɗan taɓa, ba da yawa ba. Maganin kusu ba mu sawa saboda ita. Fiya-fiya an fesa a ɗakunan baƙi, ban da mangaza. Fitsari ban duba ba, wurin da duhu.

Mai ba ta abinci kuwa... kai, sai yanzu da ka tambaya abin ya faɗo mini. Amaryar ce. Ita ta tsinto ta tana ƴar mitsitsiya bayan lakwal ɗinsu, ita ke ba ta abinci kullum bayan sallar asuba da kuma bayan magariba, kuma a ƙafafunta take kwana. Ɗakin amarya yanzu babu komai, an kwashe kaya, har katifar an ba wani yaro.

Hajiya ta Bagalam:
Allah sarki! Ashe kewa ce. Ita ma an yi mata kai amarya ba a sanar da ita ba.

Likitan Dabbobi:
To kin ba ni rabin amsa. Ban gan ta da idona ba, amma abin da kika bayyana ya fi kama da firgici fiye da ciwo. Bari in ɗan tsawaita, don tambayar tana yawan zo mini ta gefe in na je duba awaki a gidaje. Aikinmu a nan shanu ne da tumaki da jar akuya, mussa sai an gama da su ake tuna ta.

Mussa ba ta san gida da ido kawai ba, da hanci take saninsa. Kun ga yadda take goga kumatu da haɓa a ƙafar kujera, a bakin ƙofa, a ƙafarku? Ba soyayya ce zalla ba. Akwai wani sinadari da ke fita daga fatar wurin, mu ba mu jin ƙanshinsa, ita kuwa da shi take shaida cewa nan nata ne, babu haɗari. Ku kuma cikin kwana biyu kun fitar da kujerun, kun wanke ƙasa da bango, kun cika gida da turare da warin mutum ɗari da ba ta sani ba. A wurinta kamar mutum ne ya farka ya ga an sauya masa unguwa.

Ga kuma kunne. Mussa tana jin sauti mai siriri har wajen 64,000 a ma'aunin da mu muke tsayawa a 20,000, da shi take jin kukan kusu cikin bango. Ku auna abin da lasifikokin nan suka yi mata kwana biyu.

Na uku shi ne wanda ya rage har yanzu, shi ya sa ba ta fito ba ko da baƙi sun tafi: agogonta ya lalace. Shekara uku, asuba ta yi ga abinci daga hannu ɗaya, dare ya yi ga wurin kwana ɗaya. Hannun ya ɓace, katifar ta ɓace.

Ɓuyan da ta yi ba shi ne ciwon ba, shi ne maganin da ta sani. Mussa mafarauciya ce amma ita ma ana farautarta. Kakarta mussar daji ce, irin wadda ke yawo ita kaɗai a dajin Afirka har da yankinmu na Sahel, ba ta da garke da zai kare ta. In ta tsorata, ta shiga rami mai bango uku ta fuskanci ƙofa, sai ranta ya kwanta. Ki bar mata wurin.

Baba na Tibiri:
Likita, ina girmama iliminka, amma wagga magana ta Turawa ce. In an bar ta ciki har yaushe? Sai ta mai da mangaza ɗakinta? Yaro ma in shina tsoron ruwa, cikin gulbi aka jefa shi ya koyi iyo.

Likitan Dabbobi:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Yaro kana iya yi masa bayani bayan ka fiddo shi daga ruwan. Mussa darasi ɗaya za ta ɗauka: wurin da na ɓuya ba shi da tsaro, kuma hannun mutanen gidan nan ma abin tsoro ne. Sai ta nemi wurin da ya fi wuya, cikin silin ko bayan gari. Kuma wanda ya sa hannu ya jawo mussar da ta tsorata zai sha cizo. Haƙorinta siriri ne kamar allura, ramin ya rufe da sauri da ƙwayoyin cuta a ciki, hannu ya kumbura. Wanda aka ciza ya wanke da sabulu da ruwa mai gudu kamar minti 15 ya tafi likita, saboda ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba.

Ɗaliba Nana:
Baba ka yi haƙuri in sa baki, ni ƙarama ce. Ina karatun kiwo a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. An taɓa gwada abin nan a Holand, masu bincike na jami'ar Utrecht suka wallafa shi a 2014. A gidan da ake tara mussoshin da ba su da masu su, aka ba wasu sababbin zuwa akwatin ɓuya, wasu aka hana su. Waɗanda ke da wurin ɓuya cikin kwana uku suka natsu, sauran sai da suka kai kusan sati biyu kafin su kamo su. Wato wadda aka bari ta ɓuya ita ke saurin natsuwa.

Akwai wani kuma na jami'ar Ohayo a Amurka, 2011, da mussa 32, wasu lafiyayyu wasu masu ciwon mafitsara. Duk satin da aka sauya musu mai kula da su ko lokacin abinci, lafiyayyun ma sai su kama amai, su ƙi ci, su yi kashi da fitsari inda ba su saba ba, kusan daidai da marasa lafiyar.

Baba na Tibiri:
Mussar Amurka ce ɗiyata, wadda ba ta taɓa ganin kusu ba. Tamu ta Gobir ƙarfe ce.

Ɗan Kabu-kabu:
Baba ka gama magana. A kai mussar Holand kasuwar Maradi ranar Juma'a mu ga in akwati zai cece ta.

Hajiya ta Bagalam:
Baba, ni dai na ga abin da idona, kuma tawa ƴar Bagalam ce ba ta san jirgi ba. Bara da azumi na saba ba ta guntun nama lokacin sahur. Wata guda cur. Aka sha ruwa, aka yi salla, ni na koma barcina. Mussa ta ce ba ta san zance ba. Ƙarfe huɗu na dare tana bakin ƙofa tana kuka kamar jariri, da ta ga ba a kula ta sai ta fara yi mini fitsari a kan tabarmar falo. Na yi ta duka da tsintsiya, abin ya ƙaru. Sai da na riƙa jan lokacin abincin kaɗan-kaɗan zuwa hantsi sannan muka shirya. Sati biyu muka yi ana muzuru ana shaho.

Malam na Limanci:
Salamu alaikum. Ga ɗana mai kabu-kabu da ya ce ana ɓata lokaci: hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Kuma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a tsakaninku. Don haka wadda ta damu da halin dabbar da ke ƙarƙashin kulawarta ba wasa take ba. Abin da zan ja hankali kawai: kada a rufe mangazar da ita a ciki.

Game da tofi, addu'a ba ta ɓaci. Amma Tanti, hayaƙi a ɗaki rufaffe ga dabbar da ke maƙale, ina ganin a tambayi likita.

Likitan Dabbobi:
Na gode Malam. Hayaƙi a bar shi, wari ne sabo a kan waɗanda suka kore ta, kuma yana taɓa mata ƙirji.

Maman Ikilima, ga abin yi daren nan. Ki sami kwali wanda za ta iya juyawa a ciki, ki yanke ƙofa a gefe, ki aje kusa da inda take. Ruwa a gefe guda, abinci a wani gefen, tasa da rairayi mai tsabta can nesa da abincin don ta yi bayan gida, mussa ba ta son ci kusa da inda take kashi. Abincin ya zama mai ƙanshi kuma da ɗan ɗumi: kifi ko kaza da aka dafa ba albasa ba tafarnuwa, don su biyun suna lalata mata jini. Kada ki juye mata sauran miyar biki. Ki aje a lokacin da amarya ta saba, bayan asuba da bayan magariba, kuma mutum ɗaya ya riƙa kai wa, ke. In kin kai ki zauna nesa kaɗan, ki ba ta gefe, kada ki zuba mata ido, kallon ido cikin ido a wurinsu neman faɗa ne. Ki yi ƴar magana a hankali, minti biyar, ki tashi. Tocilar nan ma a rage.

Amma ga iyakar haƙurin, kuma wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Ɓuya ba ya kashe mussa, rashin ci yana kashe ta. In ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, jiki yana kwaso kitse ya tura hanta, hantar ta cika ta kasa aiki, musamman in mussar mai ƙiba ce. Sai ki ga cikin kunne da farin ido sun yi ɗorawa. Don haka ki auna abin da kike aje mata ki san nawa ya ragu. In gobe da jibi ba ta ci ba, ko kin ga amai, dalala, rawar jiki, numfashi da baki buɗe, ko ɗingishi, to ba firgici ba ne kawai, a kawo ta a duba. Mussa mai ciwo ma ɓuya take, kuma a taron biki ana iya taka ta ko ƙofa ta matse ta ba wanda ya lura.

Mai Shagon Sabon Gari:
Dokta ya faɗi gaskiya, ni abin ya ci ni. Ina da wani muzuru a shago, ja, shi ke tsare mini buhunan shinkafa. Da na sauya shago na koma wani layi, sai ya shige ƙarƙashin kanta. Na ce fushi ne, zai huce. Ina ganinsa yana fitowa yana tsugunawa, ya daɗe, ya yi ƙara, ya koma yana lasar gabansa. Na ɗauka kashi ne ya ƙi fita, har man gyaɗa na ɗura masa. Kwana na uku na same shi a sanƙare. Da na ba wani ma'aikacin dabbobi labari ya ce fitsari ne ya toshe masa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, da na sani da na ɗauke shi tun ranar farko.

Likitan Dabbobi:
Allah Ya mayar da alheri Alhaji. Wannan na muzuru ne musamman, hanyar fitsarinsa doguwa ce siririya, kuma damuwa tana cikin abubuwan da ke tayar da kumburin mafitsara. Muzurun da ke tsugunawa ba abin da ke fita, ba a kwana da shi a gida. Ta Maman Ikilima mace ce, toshewa ba ta cika samunsu ba, amma duk da haka a duba fitsarin, in da jini a faɗa mini.

Uwar Biyu:
To ni tambayata, tunda ta amarya ce, mi zai hana a sa ta a kwando a kai mata? Kowa ya huta.

Tanti Mai Lalle:
Kai amarya da mussa, sati bai cika ba? Uwar miji ta ce an kawo mata mayya cikin gida. Ki rufa wa yarinya asiri.

Maman Ikilima:
Tanti kin ba ni dariya cikin damuwa. Gidan nata a unguwar Ali Ɗan Tsoho yake, kuma gidan haya ne da maƙwabta masu kare.

Hajiya ta Bagalam:
Kada ma a fara. Mussa ta gida ce, ba ta mutum ba. Maƙwabtanmu sun tashi zuwa Burja da tasu, kwana biyar sai ga ta a kan katangar tsohon gidan, ta rame.

Ɗaliba Nana:
Hajiya ni ina ganin duka biyun ne. Da ta gida ce kawai, da tun Litinin da aka mayar da kujeru ta fito. Tana sabo da mutum sosai, amma ƙafarta a wuri take kafe. In aka kai ta yanzu za ta sami amarya ta rasa duk sauran, ga kare. Wadda ta riga ta firgita ba a ƙara mata ƙaura. Abin da ya fi sauƙi, a karɓo wani zane ko ɗankwali da amarya ta sa ba a wanke ba, a shimfiɗa cikin kwalin.

Likitan Dabbobi:
Nana ta riga ni. A Turai har ana sayar da kwaikwayon sinadarin kumatun nan a kwalba, Feliway sunansa. Mu namu zanen amarya ne, da tsumma mai laushi: in ta fara yarda da ke, ki shafa a kumatunta ki goga a ƙafafun kujeru da bakin ƙofofi daidai tsayinta.

Laraba

Maman Ikilima:
Ina kwananku. Labari biyu, mai daɗi da marar daɗi. Da asuba na kai mata kaza, na zauna na ba ta baya ina lazimi, sai na ji tana ci. Ta cinye kusan rabi. Amma da na tafi kasuwa, yaran gidan sun ji an ce a fiddo ta, ban san wa ya karanta musu saƙon Baba ba, suka janye buhu suka sa sanda. Ta yakushi babban a hannu ta haye saman tarin buhunan can kusa da rufi. Na wanke masa da sabulu na kai shi an duba. Yanzu ko kallon kwanon ba ta yi.

Baba na Tibiri:
Subhanallahi. Ni ban ce a sa sanda ba. Yaran yanzu ba su iya kamun dabba ba, da buhu aka rufe ta a ɗauka. Allah Ya ba yaro lafiya.

Tanti Mai Lalle:
Baba borin kunya dai.

Likitan Dabbobi:
Sannu da ƙoƙari. An koma baya da kwana ɗaya ko biyu, ba a rasa komai ba tunda ta ci da safe. Hawa sama ma dabara ce, daga can tana ganin mai shigowa. Ki ɗora kwalin da ruwan a saman kusa da ita, kada ki ce sai ta sauko. Yara kuma a kafa musu doka, mangaza ba tasu ba ce satin nan. Fitsarin fa?

Maman Ikilima:
Dokta na samu, kuma ba jini. Amma ba a rairayin ta yi ba. A kan buhun hatsin maigida ta yi, na ƙasa, da alama tun ranar farko nan take yi. Ban faɗa masa ba tukuna.

Ɗan Kabu-kabu:
Kun gani ko? Na ce ana neman tiya guda, ita ta samu buhu ta mai da shi masai.

Likitan Dabbobi:
Ni a wurina albishir ne, mafitsara na aiki. Ki ɗebi ɗan abin da ya jiƙe ki sa cikin rairayin, warin zai nuna mata wurin. Buhun a fitar da shi, in ya zauna za ta koma kansa. Kada a dake ta ko a tura mata hanci ciki, ba ta haɗa dukan da laifin, tsoron mai dukan kawai take ƙarawa.

Juma'a

Maman Ikilima:
Juma'a mai albarka. Jiya amarya ta aiko da tsohon zanenta na barci, har da kuka a waya wai a gaishe mata da ƴarta. Na shimfiɗa cikin kwali. Da magariba na leƙa, tana ciki tana tattaka zanen da ƙafafu tana gurnani. Ta cinye abinci tas, ta yi bayan gida a rairayi. Cikin dare wajen ƙarfe biyu na ji motsi a tsakar gida, na leƙa ta taga, ita ce ke bin bango a hankali, ciki kusan a ƙasa, tana shinshina kowace kujera tana goga fuska. Kwano ya faɗi a kicin ta koma da gudu. Amma da asuba da na fito alwala tana zaune bakin ƙofar mangaza tana jirana.

Hajiya ta Bagalam:
Alhamdu lillahi! Kin zama amaryar yanzu, sai ki riƙe lokaci.

Likitan Dabbobi:
Madalla. Kada ki ɗauke kwalin don ta fito, ki bar shi ko wata guda, sannan ki riƙa matso da shi inda kike so ta riƙa kwana. Za ta yi ta shiga tana fita, kada ki ce abin ya dawo. Kuma Babbar Salla in an kawo rago aka cika gida da hayaƙin suya, ki shirya mata wurin tun kwana biyu kafin nan.

Baba na Tibiri:
Yunwa ta hiddo ta, ba zane ba. Amma tunda ta hito, barka.

Ɗaliba Nana:
Baba ai abincin a gabanta yake, ba sai ta fito ba.

Baba na Tibiri:
Ke dai ki yi karatunki.

Ɗan Kabu-kabu:
Jama'a ku shaida, ni aka tare a Ali Ɗan Tsoho aka ba ni leda aka ce in kai Zariya da gaggawa. Na zaci magani ne, har na ƙi ɗaukar fasinja. Ashe zanen mussa na ɗauko. Hajiya dala ɗari aka ba ni, da na san mai shi da jaka guda zan ce.

Maman Ikilima:
Allah Ya yi maka albarka ƙanena, cikon yana nan in ka biyo. Yanzu saura ɗaya: maigida ya ce gobe a fiddo buhun ƙasa a kai niƙa. Tanti, ke da kika iya magana, ta ina zan fara?